Ya riga ya sa hannu a caji ofis, shin magana ta ƙare ke nan?

Tambaya: Ƙanina yana gyaran waya a Dei-Dei, nan Abuja. Wani ya kawo masa waya ya buɗe, ashe ta fashi ce. Aka bi sawunta aka kama shi. Kwanansa huɗu a bayan kanta ba a bar kowa ya gan shi ba, a na biyar ya sa hannu a wata takarda da ɗan sanda ya rubuta da Turanci, alhali bokonsa bai wuce firamare ba. Yanzu an ce a cikinta ya amsa cewa ya san wayar ta sata ce, kuma shi ke sayar wa 'yan fashin kaya. Ya rantse mini bai faɗi haka ba. Ya ce mari da kulki ya sha, kuma an ce masa in ya sa hannu zai kwana a gida. Yana gidan yarin Kuje yanzu. Na ji an ce a Amurka idan ba a karanta wa mutum haƙƙinsa ba, korar ƙarar ake yi. Mu ma haka ne? Ko tunda ya sa hannu shi ke nan?

Amsa: Malama, Allah ya kawo masa mafita, ya ba ku haƙuri. Magana ba ta ƙare ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, takardar nan ita ce shari'ar gaba ɗayanta, kuma yadda lauyansa zai tunkare ta a rana ɗaya tak, ranar da mai gabatar da ƙara zai miƙa ta ga alƙali, shi zai fi komai tasiri a kan makomarsa.

Laifin karɓar kayan sata a kan sani yake tsayawa. Samun waya a hannun mai gyaran waya ba abin mamaki ba ne, sana'arsa ke nan. Abin da masu ƙara ke buƙata shi ne su nuna ya sani, ko yana da dalilin da zai sa ya yi zaton ta sata ce. Sanin nan kuwa a zuciya yake, ba a ɗaukar hotonsa. Shi ya sa layi ɗaya da ke cewa "na san ta sata ce" ya fi musu shaidu biyar daraja. Na shekara da shekaru ina tsayawa a kotunan birnin nan, kuma mafi yawan fayil ɗin manyan laifuka da suka biyo ta hannuna, idan ka zare sitetimen ɗin wanda ake tuhuma, abin da zai rage bai taka kara ya karya ba.

Bari in fara da Amurka tunda ita kika kawo. Abin da kika ji rabinsa gaskiya ne. A 1966 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a shari'ar wani mai suna Miranda da jihar Arizona, ta ce kafin a yi wa wanda ke tsare tambayoyi dole a gaya masa yana da damar yin shiru, duk abin da ya faɗa za a iya kafa hujja da shi a kansa, yana da damar samun lauya, in ba shi da hali a ba shi kyauta. Idan ba a yi haka ba, bayanin da ya yi ne ake jefarwa. Ƙarar tana nan daram. Shi kansa Miranda an sake yi masa shari'a a 1967 ba tare da iƙirarin nasa ba, kuma aka sake samunsa da laifi da wasu shaidu.

Sannan kada ƙyalƙyalin wannan gargaɗi ya ruɗe ki. Da zarar mutum ya ce ya ji, ya yarda zai yi magana, dokar Amurka ta sakar wa ɗan sanda mara sosai. Tun 1969 kotu ta bar shi ya yi wa wanda ake zargi ƙarya: ya ce abokinka ya riga ya tona, alhali bai tona ba. A 1989 wasu yara biyar 'yan shekara 14 zuwa 16 sun amsa laifin far wa wata mata a babban lambun shaƙatawa na birnin Niyu Yok bayan doguwar tambaya. Aka ɗaure su. Sai a 2002 ainihin wanda ya aikata ya fito ya faɗa, gwajin ƙwayar halitta ya gaskata shi, aka soke hukuncinsu bayan ƙuruciyarsu ta ƙare a kurkuku. Sai 2021 jihar Illinois ta zama ta farko da ta hana yi wa yara ƙarya a ɗakin bincike. Ga kuma wani abu: sama da kashi 90 cikin 100 na hukuncin laifi a can ba a kai ga sauraron shaidu, ciniki ake yi tsakanin mai gabatar da ƙara da lauya, ka amsa ƙaramin laifi a rage maka. A irin wannan ciniki iƙirari sanda ce a hannun mai ƙara, kuma sau da yawa babu alƙalin da zai taɓa tambayar yadda aka same shi.

Mu a nan, rashin gargaɗi kaɗai ba ya kashe iƙirari. Sashe na 31 na Dokar Shaida ta 2011 ya faɗa ɓaro-ɓaro cewa iƙirari ba ya faɗuwa don kawai ba a gargaɗi mutum ba, ko don an yaudare shi. To amma ƙaninki yana da abin da ya fi wannan ƙarfi a hannunsa.

Kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 35, ya ba duk wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani mutum da ya zaɓa da kansa. Lura da wannan, ko ke da kike yayarsa kin isa ki zama wannan mutum. Sashen ya kuma ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Daga Dei-Dei ba a rasa kotu a wannan tazara. Sashe na 29 na Dokar Shaida ya ce idan aka yi ƙorafi cewa an samo iƙirari ta hanyar zalunci, wato azabtarwa ko duka ko barazanar duka ko wulaƙanci, ko kuma ta wata magana ko wani aiki da zai sa a kasa amincewa da shi, kotu ba za ta karɓa ba sai masu ƙara sun tabbatar, ba tare da wani kokwanto ba, cewa ba haka aka same shi ba. Nauyin a wuyansu yake. "Sa hannu ka kwana a gida" ta shiga cikin irin maganar da sashen ke nufi. Kuma sashen ya ce ko da abin da ke cikin iƙirarin gaskiya ne, in ta wannan hanya aka same shi, ba a karɓa. Ga Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 a gefe, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya azabtar da mutum.

Sai dokar da ta fi shafar ku, wato dokar gudanar da shari'ar laifuka, wadda muke kira ACJA, ta 2015, mai aiki a Abuja da kotunan tarayya. (Da a Mararaba aka kama shi, da dokar jihar Nasarawa za mu buɗe, ko da yake tafiyar 'yan mintoci ce daga Nyanya.) Sashe na 15 ya ce idan wanda ake zargi zai amsa laifi, a rubuta, a kuma ɗauka a bidiyo. Sashe na 17 ya ce a ɗauki bayanin a gaban lauyansa, in ba shi da lauya a gaban jami'in hukumar Legal Aid mai ba marasa hali lauya kyauta, ko na ƙungiyar farar hula, ko wani da ya zaɓa. In ba ya jin Turanci a kawo tafinta, ya karanta masa abin da aka rubuta har ya fahimta, tafintan ya rubuta sunansa da adireshinsa ya sa hannu. An yi shekaru ana ja-in-ja, domin kalmar da dokar ta yi amfani da ita wajen bidiyo da lauya kalma ce mai kama da "ana iya", jami'ai suka riƙe ta suka ce zaɓi aka ba su. A 2024 Kotun Ƙoli ta raba gardama a ƙararrakin da suka taso daga binciken EFCC: ta ce a wannan wuri wajibi ake nufi, ta kuma tabbatar da watsi da bayanan da aka ɗauka ba bidiyo ba lauya. A shekarar da ta gabace ta, 2023, ta yi irin wannan hukunci a kan dokar jihar Legas. Wannan shi ne makami mafi kaifi da lauyan ƙaninki ke da shi yau, wanda shekara goma da suka wuce ba mu da shi.

Batun harshe kuma, a nan ne 'yan'uwanmu suka fi cutuwa, kuma shi ya fi ci mini rai. Ƙa'idar da kotunanmu suka daɗe a kai ita ce a rubuta bayani da harshen da aka yi shi, sannan a fassara, a kawo duka biyun. Idan ta bakin tafinta aka ɗauka, dole tafintan ya zo kotu ya ba da shaida, in bai zo ba takardar ta zama "an ce, an ce". Na taɓa kare wani direba da aka rubuta wa cewa ya amsa ya san abin da ke cikin buhunan da ya ɗauko. Da muka zauna da shi, abin da ya faɗa da Hausa shi ne ya san mai buhunan, domin ya saba ɗaukar masa kaya. "Na san shi" ta koma "na san da shi". Jami'in da ya rubuta ba Bahaushe ba ne, Hausar kasuwa yake ji, kuma ban yi zaton mugunta ya yi niyya ba. Wata goma sha ɗaya mutumin nan ya yi a tsare kafin a kai ga wannan gaɓa, ya fito ya tarar an sayar da motar da yake biya kaɗan-kaɗan.

Yanzu ga inda nake so ki natsu ki fahimta, domin a nan lauyoyi da yawa ke tuntuɓe. Kotu ta bambanta mutum biyu. Na farko ya ce, "Ban yi wannan bayani ba sam." Shi za a karɓi takardar a matsayin shaida, sai a ƙarshe alƙali ya auna ko ya yi ko bai yi ba. Na biyu ya ce, "Tilasta mini aka yi." Shi kuwa dole a dakatar da komai a yi abin da muke kira shari'a cikin shari'a: jami'in da ya ɗauki bayanin ya shiga akwatin shaida, a yi masa tambayoyi, wanda ake tuhuma ma ya faɗi nasa, alƙali ya yanke ko za a karɓa. Ƙaninki yana tsakiya, kalmomin ba nasa ba ne amma hannun nasa ne. Kotun Ƙoli ta daɗe da cewa wanda aka tilasta wa sa hannu a kan abin da wani ya rubuta, ƙorafinsa na tilas ne, ya cancanci shari'a cikin shari'a. Sai dai dole lauya ya miƙe ya faɗa a daidai lokacin da aka miƙa takardar. In ya yi shiru aka karɓa aka buga mata lamba, tayar da maganar duka daga baya ba ta cika amfani ba. Kuma a dokarmu ana iya ɗaure mutum da iƙirarinsa kaɗai in kotu ta gamsu da shi, ko da yake alƙalai kan nemi wani abu daga waje da zai gaskata shi: shin ya samu damar aikatawa, shin abin da ya faɗa ya dace da sauran abubuwan da aka tabbatar.

Duk ƙasar da kika duba, tambaya ɗaya take ƙoƙarin amsawa: mutum biyu sun shiga ɗaki an rufe ƙofa, ɗaya da kaki ɗaya da ankwa, sun fito da takarda, wa zai shaida abin da ya faru a ciki?

Indiya ta ba da amsa mafi tsauri, tun 1872. Dokar shaidarsu ta ce iƙirarin da aka yi wa ɗan sanda ba a kafa hujja da shi a kan mai shi, ko da lallashi aka same shi. Wanda ke son amsa laifi sai a kai shi gaban majistare, ya gargaɗe shi, ya tabbatar da son ransa ne, sannan ya rubuta da kansa. Da suka sauya dokar da sabuwa a watan Yulin 2024 sun bar wannan ƙa'ida yadda take. Abin da ke ba ni takaici shi ne kusancinmu da su. Dokar Penal Code da ake hukunta mutane da ita a Abuja da Arewa tun 1960, daga Sudan aka kwaso ta, Sudan kuma daga Indiya. Mun ɗauko jerin laifuka da hukuncinsu, wannan katanga kuwa ba ta zo tare da su ba. Ba na cewa duka ya ƙare a ofisoshin 'yan sandan Indiya. Dokarsu ta bar ƙofa: idan bayanin mutum ya kai ga gano wani abu, kamar wuƙa ko kayan sata, wannan yanki ana karɓa, kuma ta nan ake bi a matsa wa mutane. Mu ma muna da irin ƙofar a sashe na 30 na Dokar Shaida. Kenya ta gwada bin sawun Indiya a 2003, ta ce sai a gaban kotu, daga baya ta sassauta ta yarda a yi a gaban babban jami'in da ba shi ke binciken ba, tare da wani da wanda ake zargi ya zaɓa.

Ingila, wadda muka gaji tsarinta, sai da ta sha kunya kafin ta gyara. A 1975 aka ɗaure mutum shida ɗaurin rai da rai kan harin bam a Bamingam, bisa iƙirarin da suka ce da duka aka karɓa. Sai 1991 aka sake su. Dokar 1984 ta kawo abubuwan da yau suka zama jiki a can: jami'i na musamman mai kula da wanda ke tsare, wanda ba ya cikin masu bincike, yana rubuta lokacin da aka ba shi abinci da lokacin da ya yi barci, lauya kyauta a caji ofis ga kowa, mai kuɗi da talaka, awa 24 na tsarewa sai an nemi ƙari, da naɗar muryar duk tambayoyin da aka yi. Amfanin naɗar nan ya fito fili a 1992, a shari'ar wasu mutum uku daga Kadif. Alƙalan ɗaukaka ƙara suka saurari kaset da kunnensu, suka ji wanda ake zargi ya musanta fiye da sau 300 ana daka masa tsawa kafin ya sallama. Ba a taɓa jikinsa ba, lauyansa ma yana zaune a wurin, amma suka soke hukuncin. Da takarda kawai aka kawo musu, da layin ƙarshe kaɗai za su gani. Sashe na 29 namu kusan kwafin sashe na 76 na waccan doka ce. Kalmomin mun ɗauko, kaset ɗin da lauyan caji ofis na kyauta ne ba mu ɗauko da wuri ba.

Sai dai Ingila ta karɓe da hagu wani abu da ta bayar da dama. Tun dokar 1994, idan ka yi shiru a caji ofis kan wani abu, daga baya ka zo kotu ka dogara da shi, ana iya fassara shirun naka a kanka. A Amurka mai ƙara ba shi da damar cewa masu yanke hukunci su dubi ƙin ba da shaidar wanda ake tuhuma a matsayin alamar laifi.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram tsarin Faransa suka gada, kuma can lissafin daban ne. Mai gabatar da ƙara shi ke sa ido kan tsarewa tun daga farko, a manyan laifuka kuma akwai alƙali mai bincike wanda ke kiran wanda ake zargi ya yi masa tambayoyi da kansa, yana neman abin da zai kama shi da abin da zai wanke shi. Komai a rubuce yake shiga fayil, fayil ɗin kuma shi alƙalan shari'a ke karantawa. A Faransa tsarewar awa 24 ce, mai ƙara na iya ƙara 24. Da daɗewa lauya ba ya zama a wurin tambayoyi, sai da kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai da kotun tsarin mulkinsu suka matsa, aka gyara a 2011. Yanzu ba a ɗaure mutum bisa bayanin da ya yi ba tare da damar ganin lauya ba, in shi kaɗai ne hujja. Jamus kuwa ta haramta wa mai bincike duka, da gajiyarwa, da yaudara, har ta ce ko mai bayanin ya yarda a yi amfani da shi ba za a yi ba. A 2002 mataimakin shugaban 'yan sandan Farankfot ya sa a yi wa wani da ya sace yaro ɗan shekara 11 barazanar azaba don ya faɗi inda yaron yake. Niyyarsa ceton rai ce, mutane da yawa sun tausaya masa, duk da haka kotu ta ƙi bayanin da aka samu, shi ma jami'in aka same shi da laifi a 2004.

Japan ita ce gargaɗi ga duk mai ganin rubutacciyar doka ta wadatar. Tsarin mulkinsu ya hana ɗaure mutum da iƙirarinsa kaɗai. Amma ana iya riƙe shi kwana 23 kafin a tuhume shi, lauya ba ya zama a ɗakin tambayoyi, mai gabatar da ƙara da kansa yake tambaya ya tsara bayanin, kuma sama da kashi 99 cikin 100 na waɗanda aka gurfanar ana samunsu da laifi. Iwao Hakamada, tsohon ɗan dambe, an kama shi a 1966, ya amsa kisan mutum huɗu bayan kusan kwana 20 ana tambayarsa, ya janye a kotu, aka yanke masa hukuncin kisa a 1968. An sake shi a 2014, aka wanke shi a watan Satumban 2024 yana da shekara 88.

Na bar namu na gida a ƙarshe da gangan, domin mutane kan ɗauka kare wanda ake zargi fasahar Turawa ce. An ruwaito daga Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, cewa mutum ba abin amincewa ba ne a kan kansa idan ka bar shi da yunwa, ko ka ɗaure shi, ko ka doke shi. A Muhtasar na Shehu Halil, wanda malamanmu ke karantarwa a zaure, an ce sata tana tabbata da iƙirari idan da son rai aka yi, in ba haka ba ba ta tabbata, ko da mutumin ya fito da kayan satar, ko ya nuna gawar wanda aka kashe. Ki duba, wannan ya rufe ƙofar da Indiya da Dokar Shaidarmu suka bari a buɗe. An kuma yarda mai iƙirari ya janye a laifukan haddi. Da wani sahabi mai suna Ma'izu ya zo yana amsa laifin zina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kawar da kai ya riƙa yi yana ba shi hanyar komawa. Gaskiya ne a cikin malaman Malikiyya akwai waɗanda suka yarda a matsa wa wanda ya shahara da ɓarna, amma wannan magana ce a kan sanannen ɓarawo, kuma a hannun alƙali, ba ta shafi mai sana'ar da aka tsinci waya a teburinsa ba. Damar janye iƙirari tana cikin dalilan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jihar Katsina ta kafa hujja da su da ta sallami Amina Lawal a 2003. Kotunan Abuja ba sa hukunta laifuka da wannan fiƙihu, na kawo shi ne don kada wani ya sa ki ji kamar kina neman wata dabarar lauyoyi ta kuɓutar da mai laifi. Haƙƙi kike nema wanda addininki ya san da shi tun kafin a haifi dokar 2015.

Ra'ayina, tunda na ga abin da idona: ba na ɗora laifin duka a kan ƙaramin jami'in bincike. Mutumin da aka ba fayil goma, ba mota, ba mai, ba kuɗin zuwa kamfanin waya neman bayanan kira, ga wanda ya kawo ƙorafi yana matsa masa, ga na sama yana tambayar sakamako, hanya mafi arha a gare shi ita ce bakin wanda ya kama. Lauyan gwamnati a Ma'aikatar Shari'a kuma takarda kawai yake gani, bai taɓa haɗa ido da ƙaninki ba. Muddin kotuna na karɓar irin wannan takarda, ba abin da zai sa a daina kawo ta. Ranar da jami'i ya tabbatar cewa sitetimen marar bidiyo aikin banza ne, ranar zai fara neman wanda ya kawo wayar. Kuma babu uzurin rashin kayan aiki a nan, domin kowane jami'i na da waya mai kyamara a aljihunsa.

Abin da za ku yi yanzu, kada ku jira ranar zama. Ki je Kuje ranar ziyara da takarda da biro, ki sa ya ba ki labarin kwanakin nan biyar daki-daki tun bai fara mantawa ba: ranar da aka kama shi da lokacin, wa ya yi masa tambaya, da wane harshe, su wa ke ɗakin, da me aka doke shi kuma a ina a jikinsa, wa ya ce zai kwana a gida, an karanta masa takardar ko ba a karanta ba, an kai shi gaban wani babban jami'i ya tambaye shi ko da son ransa ya yi. In akwai tabo, lauya ya nemi likita ya duba ya rubuta, ya kuma nemi bayanin da aka shigar game da lafiyarsa ranar da aka karɓe shi a gidan yari. Ku tuna ranakun da kuka je aka hana ku ganinsa, da waɗanda suka raka ku, domin shaidu ne. Maƙwabtansa na kasuwa da suka ga lokacin da aka kawo wayar, da littafin da yake rubuta aikin kwastomomi in yana da shi, da shugabannin ƙungiyarsu ta masu gyaran waya, duk a riƙe su kusa.

Lauyan ya nemi kwafin bayanin da duk takardun da masu ƙara za su dogara da su, haƙƙinsa ne a ba shi. Ya duba ko akwai na Hausa, ko akwai sunan tafinta, ko akwai sa hannun lauya ko wani shaida, ya kuma tambaya a rubuce ina bidiyon yake. Ya bibiyi umarnin kotu na tsare shi a gidan yari, domin a dokar ACJA kwana 14 ne a karon farko, ƙari kuma sai an kawo dalili, shawarar ofishin Antoni Janar ma doka ta sa mata kwana 14 daga samun fayil. Yana iya rubuta wa ofishin tun yanzu ya nuna musu ramukan da ke cikin takardar kafin su yanke shawarar gurfanarwa, na sha ganin an cire sunan mutum a wannan mataki. In ba ku da halin ɗaukar lauya, ku je ofishin Legal Aid a nan Abuja, aikinsu ke nan kuma ba a biya.

Shi kuma ki gaya masa, daga yau ko wa ya zo masa da takarda, ko da an ce ta beli ce, kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa sai lauyansa na tsaye an karanta masa da Hausa. In wani ya zo masa da tayin ya amsa ƙaramin laifi a sassauta masa, ya ce sai ya yi shawara. Idan kun samu kwafin bayanin, ki kawo mini shi tare da abin da kika rubuta daga bakinsa, mu jera su gefe da gefe mu duba.